Jar Mota a Kan Tabarmin Tattasai

Na san abin da ake faɗa a garin Diffa a kan jar motata, domin ke Fanna kin taɓa dawowa daga gidan suna kina huci, kin ce wata tsohuwa ta tambaye ki ko ke ce 'yar mutumin nan da ya yi mota bai taɓa rage wa kowa hanya ba. Ran nan dariya na yi, na ce ki sha ruwa ki huce. Yau da gwiwoyina suka daina kai ni kasuwa, na ga gara in zauna in rubuta muku yadda abin ya kasance, ke da ƙannenki, tun ina iya tuna ƙamshin cikin motar. Tsohuwar ba ta yi ƙarya ba, sai dai rabin labarin ne ya kai kunnenta.

Sai na fara da kakarku, wadda kika ci sunanta, wadda mu 'ya'yanta muke kira Ya kamar yadda ake kiran uwa da Barbarci. A gidanmu na ƙauye, can bakin Komadugu kudu da Gagamari, akwai wata al'ada da muka tashi muka tarar: sabon abu ba ya shiga aiki sai an kai shi ƙofar ɗakin tsohuwar gida ta fara taɓa shi, ta tofa masa albarka. In riga ce ita za ta fara yafawa a kafaɗa, in jaki ne ita za ta fara hawa, ko da taku kaɗan ne. Na ga ranar da Yaya Modu, babban wanmu, ya sayo injin ban-ruwa, ƙarti suka ɗauko shi a kai har tsakar gida, Ya ta kama igiyar ta ɗan ja, kafin a kai shi gona. Na ga an jawo sabon kwalekwale a kan yashi daga bakin kogi, ta shiga ta zauna a ciki a busasshiyar ƙasa tana yi wa masunta tsiya. Abin shi ke zuwa wurinta, ita ba ta zuwa wurinsa. Ni kuwa auta ne, tun ina yaro in muna tafiya kasuwa da kaya a kai mota ta wuce mu, takan ce, “Kyari, ranar da ka yi taka, ni ce ta farko a gefenka.” Nakan ce to, da zuciya ɗaya.

Shekarar da nake ba ku labari tattasai ya yi albarka kuma ya yi daraja, irin shekarar da manomi ke yin magana da ƙarfi a kasuwa. Ni a lokacin ina saye a hannun manoman kwarin kogi ina kaiwa Najeriya. Da muka gama cinikin bazara sai na tafi Maiduguri da niyyar sayen a-kori-kura mai buɗaɗɗen baya, wadda za ta riƙa kwaso mini buhuna daga gonaki. Da wannan niyya na fita gida, Allah ne shaida. Amma a bayan filin dillalin akwai wani abu gajere lulluɓe da tamfol, na tambaya, ya yi murmushi ya yaye. Ja ce, irin jan tattasan da ya nuna a jikin uwarsa rana ta doke shi. Tsayinta bai wuce ƙuguna ba. Ba ta da lungu ko kusurwa, ko'ina a shafe yake, har sai da na goge tafin hannuna a riga kafin in taɓa ta. Dillalin ya danna wani abu, fitilun suka ɗago daga cikin jikinta a hankali suka dube ni. Daga nan ban ƙara jin abin da yake cewa a kan a-kori-kura ba.

A bayan babbar mota aka kawo ta Diffa, domin hanyar ba tata ba ce. Washegari bayan sallar asuba na fito da ita kan kwaltar da ta nufi Maine-Soroa. 'Ya'yana, na hau doki, na hau raƙumi, na shiga jirgin sama daga baya, amma ban taɓa jin abin da na ji a safiyar nan ba. Zama ake yi a cikinta kamar a kan tabarma, ƙafafu a miƙe, ƙasa na nan kusa da kai har kana ganin tsakuwa ɗaya-ɗaya. Kujerar ta rungume ni ta ko'ina, tana ƙamshin sabuwar fata. Da na murɗa makulli ba a kunne na fara jin ƙarar ba, a ƙashin bayana na ji ta, domin injin a bayan mutum yake. Na taka kaɗan, sai gari ya ja da baya. Na ƙara takawa, bishiyoyin aduwa da goruba suka narke suka zama zane ɗaya, hanya ta riƙa shigewa ƙarƙashina ba tare da na ji ina tafiya ba. Rana tana fitowa a madubi, sararin gabana yana buɗewa, ni kuma na manta da nauyin jikina, na manta da buhu da sikeli da dillalai. Na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai, hawaye na zuba. Sai da na juyo zan koma gida na dubi gefena da niyyar in ce wa wani, ka ji abin da na ji? A nan idona ya sauka a kan kujerar da babu kowa, kuma a nan na lura da abin da ban lura da shi ba a filin dillali. Kujera biyu ce kawai a motar, tawa da ta Ya.

Mahaifiyarku Bintu ta fito da lafayarta ta kewaya motar, ta leƙa ta wannan taga, ta leƙa ta waccan.

“Maigida, ina bayan?”

“Ba ta da baya.”

“To buhunan fa, a cinyarka za ka riƙa ɗora su?”

Malam Isufu makanike, Badamagare ne da ya daɗe a Diffa yana gyara mana motocin kaya, shi ma ya zo kallo. Ya ɗaga murfin gaba ya tarar da rami wayam, ya dafe kai.

“Innalillahi! Malam Kyari, an cuce ka. Motan nan ba ta da moteri!”

Na kai shi baya na nuna masa. Ya daɗe yana kallon injin bai taɓa ba, sannan ya kwanta a ƙasa ya zura tafin hannunsa tsakanin cikinta da ƙasa, da ƙyar ya shiga.

“Bon,” ya ce, “wannan 'yar gudro ce, 'yar kwalta. Ran da ta sauka daga kwalta, ran nan za ka yi mata ta'aziyya.”

A satin nan na hau motar kasuwa zuwa Gagamari, na ƙarasa ƙauye da ƙafa a cikin yashin da ke cin sawu har idon ƙafa. Na tarar da Ya a ƙofar ɗakinta tana tsinke kaba. Ta tsufa sosai a lokacin, idonta ya yi hazo, ƙugunta kuma tun wata faɗuwa da ta yi bai koma daidai ba. Na durƙusa na gaya mata na yi jar mota, na ce zan sa a kawo amalanke a shimfiɗa mata katifa a kai ta bakin kwalta ta shiga.

“Injin Modu ni na je wurinsa?”

“A'a, Ya.”

“Kwalekwalen fa?”

“Shi aka kawo.”

“To ita 'yar gidan wa ce da zan tashi in je gaishe ta? In tana da kunya ta zo.”

“Ya, ba ta iya yashi.”

Ta yi dariya har tana tari.

“Ka sayo mota mai tsoron ƙasa, auta? To ka lallashe ta. Ina nan, ba inda za ni.”

Na dawo da shawarar in jira ruwan farko ya danne yashin. Ruwan farko ya zo, kafin in shirya na biyu ya bi shi, hanya ta zama laka. Sai kogi ya kawo, ya cika fadamun da ke tsakanin kwalta da ƙauye, na ce to sai ruwa ya janye. Haka watanni suka yi ta wucewa, kowace safiya ina fita da ita ni kaɗai. Ba zan ɓoye muku ba, safiyoyin nan sun yi mini daɗi. Damina ta sa gefen hanya ya yi kore, balbelu na tashi a gabana, wani lokaci in tsaya a inda babu kowa in kashe injin in saurari ƙarfen yana hucewa. Jandarmomi kan tsayar da ni ba don takarda ba, sai don su leƙa ciki su tambayi iyakar gudunta. Amma mota a garinmu ba ta mai ita ba ce shi kaɗai. Wanda ya yi mota shi ke kai mara lafiya, shi ke rage wa tsoho hanya, kuma ba a wuce mai ɗaga hannu. Ni kuwa ina wucewa, ga kujera a fili kowa na gani. Na yi wa wasu bayani, suka ce wannan ai dabara ce ta marowaci. Ranar da ta fi yi mini ciwo ita ce da na tarar da limamin unguwarmu, dattijon da ya raɗa miki suna, yana tafiya a rana tsaka da sandarsa. Na tsaya, na fito, na gaishe shi, na rasa yadda zan yi, sai na bar motar a gefen hanya na raka shi da ƙafa. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa na fi son in taka ƙasa da a ɓata mini kujera. Gaisuwa ta ragu a masallaci. Mahaifiyarku kuwa mata sun sa ta a gaba da tsiya a kowane biki, suna tambayarta ko sai ta yi wanka da turare kafin a bar ta ta taɓa ƙofar. Tana dawowa ta ba ni labari tana dariya, amma na san dariyar ba ta kai ciki ba.

Sanyi ya shigo, ruwa ya janye, aka fara tsinkar tattasai, yashi ya dawo yadda yake. A kwanakin nan wani jami'in duwan, wato kwastan, da aka turo daga Yamai ya matsa mini in sayar masa da ita, ya ce can akwai titunan da suka dace da ita. Har na fara tunanin in karɓa in sayi a-kori-kurar da na fita nema, in kai wa Ya ita, magana ta ƙare. Ana cikin haka Yaya Modu ya zo da kansa, abin da ba ya yi a lokacin tsinka. Bai zauna ba.

“Ya ta daina cin tuwo, sai kunu. Jiya ta tambaye ni ko jar nan ta koyi tafiya. In za ka kawo, ka kawo.”

Da ya tafi na zauna a tsakar gida. Na gaya wa Bintu maganar jami'in, na gaya mata abin da Malam Isufu ya ce. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

“Ita Ya ba a-kori-kura aka gaya mata ba, ja aka gaya mata. Na sha tsiyar mata wata da watanni a kan kujerar nan, Maigida. Kada ka sa in sha ta a banza.”

Washegari da hantsi muka isa inda ake sauka daga kwalta, ni a cikin motar, Malam Isufu da mahaifiyarku a motar kasuwa. Abin da na tarar ban roƙa ba, ban kuma zata ba. Yaya Modu ya bi gida-gida, mutanen ƙauye sun kwashe tattasan da suka shanya sun tara shi gefe, sun ɗauko tabarmin kaba da ake shanya a kai, maza da mata, kowa da naɗi a kafaɗa. Suka shimfiɗa su a kan yashi biyu-biyu, hanya ta miƙe. Na sauka daga kwalta a hankali, tayoyin suka hau tabarma suka riƙe. In na wuce, na baya su naɗe su ruga su shimfiɗa a gaba. Haka muka yi ta tafiya, motar da ke haɗiye hanyar Maine kafin shayi ya huce, yau tana bin sawun tsofaffi. Mata suka ɗauki waƙar da suke yi in ana tsinka. Ƙurar tattasai da ke jikin tabarmin ta tashi, kowa na atishawa yana dariya, idanu na hawaye. Muka ratsa tsakanin gonaki, dama da hagu ja ne shimfiɗe har iyakar gani, ga kogi yana walƙiya ta tsakanin bishiyoyi. Daga inda nake zaune ƙasa-ƙasa ba na ganin komai sai ƙafafu da tabarmi suna sauka a gabana ɗaya bayan ɗaya. Har yau in na rufe ido ina ganinsu, kuma ban tabbata a farke na yi tafiyar nan ba.

Muna hango rufin gidanmu, rana ta karkata, sai na ji wani abu ya daki cikin motar, ƙara mai kauri. Kututturen goruba ne da yashi ya rufe, tabarma ta ƙara rufe shi. Malam Isufu ya yi ihu in kashe, na kashe. Ya kwanta ya leƙa, ya fito da hannu baƙi ƙirin. Baƙin mai yana tsiyaya a kan tabarma. Ya nemi sabulu ya cusa a tsagar, ya rage zubar amma bai tsaya ba. Sauran tafiyar da hannu aka tura ta har ƙofar ɗakin Ya. Kafin in shiga ya riƙe mini hannun riga.

“Malam Kyari, ka ji ni da kyau. Ta zauna, ta tofa, shi ke nan. Kada ka tada moterin nan. In ka bar shi, ko da wata nawa ne zan nemo abin gyara. In ka tada shi babu mai, ya tafi har abada.”

Na ce na ji.

Ni da Yaya Modu muka ɗauko ta. Ba ta fi nauyin damin kaba ba. An yafa mata lafayarta mai ruwan bula, tana ƙamshin turaren wuta. Da muka zaunar da ita ta shafa kujerar, ta shafa gilashi, ta shafa rufin da ke kusa da kanta, ta yi addu'a ta tofa a dama da hagu.

“Ashe mai ladabi ce,” ta ce, “ta durƙusa tun kafin in ce. Shigo, auta.”

Na shiga na ja ƙofa, hayaniyar mutane ta koma nesa. Karo na farko ke nan da na ji numfashin wani a cikin motar.

“To, kai ni Maine.”

A wani kwari na dabino kusa da Maine aka haife ta. A kan takarkari aka kawo ta ƙauyenmu tana amarya, kuma tun rasuwar iyayenta ba ta koma ba. Na buɗe baki zan yi mata bayanin kututture da baƙin mai, ta ɗora hannunta a kan nawa.

“Na ji abin da Badamagaren ya ce, kunnena bai mutu ba. Na san ba za ta motsa ba. In ka ga ba za ka iya ba, ka bari, na riga na tofa.”

Ta cikin gilashi ina ganin Malam Isufu yana girgiza mini kai. Bayansa mahaifiyarku ce tsaye da naɗin tabarma a hannu, ba ta girgiza kai ba, ba ta gyaɗa ba. Na murɗa makullin.

Ƙarar ta taso ta bayanmu, Ya ta ɗan zabura, sannan ta jingina ta rufe ido. Ban sa giya ba, na dai taka a hankali, kujerun suna rawa ƙasa-ƙasa.

“Yawwa. Ga Gagamari nan mun bari. Kauce wa shanun nan. Ka ga tudun can mai fari? Bayansa rijiya take, nan muka kwana da aka kawo ni. Taka, auta, ba ka da jini ne?”

Na taka. Wata jar fitila ta kama a gabana, na ɗauke ido daga kanta. Ya tana ta lissafa mini tuddai da rijiyoyi da sunayen mutanen da ban taɓa ji ba, tana gaishe su ɗaya-ɗaya da Barbarci, tana amsa gaisuwarsu. Na rantse muku, ni ma na fara ganin hanyar. Na ga yashi ya yi fari, na ga kan dabino yana leƙowa daga cikin kwari, na ji warin kanwa. Can ta ce in tsaya, na ɗaga ƙafa. Fuskarta ta sake kamar ta yarinya. Injin ya fara wani ƙwanƙwasa da ban taɓa ji ba, wari na shigowa. Na kai hannu zan kashe, da sauran rai a jikinsa.

“Ka cika gudu, Kyari,” ta ce, ido a rufe. “Mun wuce ɗakin innata ban gan shi da kyau ba. Koma baya, a hankali.”

Na janye hannuna daga makullin. Muka koma baya a hankali, har injin ya yi wata doguwar ajiyar zuciya ya tsaya da kansa. Shiru ya sauka, sai kukan kurciya daga wajen kogi. Ta buɗe ido ta dube ni.

“Tana ƙofa tana daka,” ta ce. “Ta gan ni.”

Ya ta rasu kafin a gama ɗaure buhunan shekarar. Motar ba ta sake tashi ba. Malam Isufu ya buɗe injin ya rufe, ya ce mini Allah ya ba da haƙuri, ta'aziyyar da ya ambata tun ranar farko. Na yi shekaru ina hayar motocin mutane kafin in sake mallakar tawa, mai baya, wadda kuka sani. Mahaifiyarku ita ce ta biyu da ta zauna a kujerar, a yammacin nan bayan an mai da Ya ɗaki. Ta gyara lafaya, ta dubi gaba, ta ce ashe da gaske tana da daɗi, sannan ta kifa kai ta yi kuka. Mutanen Diffa ba su ga wannan ba, sun dai ga na fita da mota na dawo a ƙafa, wasu har suka ce alhaki ne.

Saboda haka, Fanna, in wata ta sake tare ki da maganar, kada ki yi huci. Ki ce mata gaskiya ne, mutum ɗaya babanki ya taɓa ɗauka a jar motar nan, kuma ya kai ta har ƙofar ɗakin uwarta.